BABI NA UKU: KISAN SIYASA A MATSAYIN HUJJAR YAƘI, DAGA DAMAGARAM DA KEFFI ZUWA SARAYEBO, DA TASIRINSA A ƘASAR GUMEL

3.0 Shimfiɗa

Littattafan tarihi da ake karantarwa a makarantu sukan bayyana cewa Yaƙin Duniya na Farko ya tashi ne saboda wani saurayi Basabiye ya harbe yarima mai jiran gadon daular Ostiriya-Hangari a birnin Sarayebo a shekarar 1914. Wannan bayani yana da ƙamshin gaskiya, sai dai bai gamsar ba, domin an kashe shugabanni da dama a wancan zamani ba tare da an yi yaƙi ba. An kashe shugaban Faransa Sadi Carnot a 1894, da sarauniyar Ostiriya Elisabeth a 1898, da sarkin Italiya Umberto a 1900, da shugaban Amurka McKinley a 1901, amma babu rundunar da ta motsa saboda ɗaya daga cikinsu.

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna cewa kisan mutum ɗaya yakan zama yaƙi ne idan ya tarar da wanda ya riga ya ɗaura ɗamara yana jiran hujja. Don tabbatar da haka an ɗauki kashe-kashe uku. Biyu sun auku a kusa da gida, watau kisan Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898 da kisan Kyaftin Moloney a Keffi a 1902. Na uku shi ne na Sarayebo. An zaɓi ƙasar Gumel a matsayin madubin nazari saboda dukkan kashe-kashen uku sun shafe ta, alhali babu hannun mutanenta a ko ɗaya.

3.1 Ƙasar Gumel Kafin Zuwan Turawa

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, Mangawa ne suka kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18. Ta kasance tana biyayya ga Borno, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 bai shigar da ita cikin daular Sakkwato ba. Kafin a tare a garin Gumel na yanzu a wajen 1845, sarakunanta sun zauna a Tumbi, wadda ke arewa da Gumel.

Wannan matsayi ya sa Gumel ta zama tamkar tsibiri. Ta gabas da kudu akwai Haɗeja da Kano, masu bin tutar Sakkwato. Ta arewa akwai Damagaram, wadda ita ma asalinta mai biyayya ce ga Borno, amma ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu, har ta mallaki bindigogi da igwa. Hare-haren Damagarawa sun raunana ƙasar Gumel a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Da Rabe ya rusa Kukawa a 1893, sai Gumel ta rasa uwar ɗakin da take jingina da ita. A cikin wannan hali Sarki Ahmadu ya hau gadon sarauta a 1896.

Abin da sarakunan yankin ba su da cikakken labarinsa shi ne, tun a watan Agusta 1890 Ingila da Faransa sun ja layi a kan taswira daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi. Abin da ke arewa na Faransa, abin da ke kudu na Ingila. Watau an riga an raba ƙasar a takarda tun kafin sojan farko ya taka ta.

3.2 Kisan Cazemajou a Damagaram, 1898

A watan Afrilu 1898 wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso Damagaram tare da tafintansa Olive da 'yan sojoji ƙalilan baƙar fata. Hanyarsa ta nufi gabas ne, wajen Rabe, wanda a lokacin yake zaune a Dikwa. Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya karɓe shi, amma hankalin fada bai kwanta ba. Rabe shi ne babbar barazana ga Damagaram, don haka ƙawance tsakaninsa da Faransawa zai sa ƙasar a tsakanin wuta biyu. A ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa. Sojojinsa suka yi ta maza, daga bisani suka janye zuwa yamma.

Kwana 40 bayan haka, a ranar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya a Faris wadda ta bar Damagaram a kason Faransa. An daɗe ana tattauna wannan yarjejeniya tun kafin kisan, saboda haka ba jinin Cazemajou ne ya ba Faransa Damagaram ba. Babban burin Faransa a lokacin shi ne ta haɗa mallakarta ta Aljeriya da ta Afirka ta Yamma da ta Kwango a bakin tafkin Chadi, kuma Damagaram tana kan hanya.

Rundunar da aka tura don wannan aiki ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba, musamman a Birnin Ƙonni a watan Mayu 1899. Da labarin ta'asarsu ya kai Faris, aka aiko Kanar Klobb ya karɓi ragama, sai Voulet ya sa aka harbe shi a ranar 14 ga Yuli a kusa da Tasawa. 'Yan kwanaki kaɗan bayan nan sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine. Duk da wannan rikici, rundunar ba ta koma ba. A ƙarƙashin Laftanar Pallier ta karya dakarun Damagaram a Tirmini, ta shiga birnin a ranar 30 ga Yuli 1899. Aka bi Sarki Ahmadu aka kashe shi a watan Satumba, aka naɗa Ahmadu ɗan Bassa, aka kuma sa wa barikin da aka gina sunan Cazemajou. Daga nan wani ɓangare na rundunar ya wuce gabas, aka haɗu da sauran rundunonin Faransa aka kashe Rabe a Kusuri a ranar 22 ga Afrilu 1900.

Ga ƙasar Gumel, faɗuwar Damagaram ta kawo sauƙi ta fuska ɗaya, domin hare-haren arewa sun tsaya. Ta wata fuskar kuma ta nuna wa kowa cewa makamin da Turawa suka zo da shi ya fi ƙarfin doki da sulke, tunda ƙasar da ta taɓa kai yaƙi har Gezawa a ƙasar Kano ta faɗi a yini guda.

3.3 Kisan Moloney a Keffi, 1902

A ɓangaren Ingila, Gwamna Lugga ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900. A 1901 aka ci Bida da Kwantagora da Yola, a 1902 aka ci Bauchi aka kuma girke soja a Zariya. Manyan garuruwan da suka rage su ne Kano da Katsina da Sakkwato. Lugga yana da dalilin gaggawa, domin Faransawa sun riga sun zauna a Damagaram, kuma an shirya hukumar da za ta auna iyaka, wadda ba za ta iya aiki ba muddin ƙasashen da ke bakin iyakar ba su shiga hannu ba.

A cikin wannan yanayi ne abin Keffi ya auku. Magajin Keffi Ɗan Yamusa shi ne wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, kuma ƙarfinsa ya kai ya shafe na sarkin garin. Ya ƙi amincewa da ikon Razdan, Kyaftin Moloney, musamman a kan batun kamun bayi. A ranar 3 ga Oktoba 1902 Moloney ya je ƙofar fada ya sa a kira Magaji. Akwai ruwayar da ta ɗora laifin abin da ya biyo baya a kan tafinta, cewa shi ne ya juya saƙon ya tsorata Magaji. Ko ma mene ne, Magaji ya fito ya kashe Moloney, ya hau doki ya nufi arewa har Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa.

Hausawa na cewa mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Lugga ya ɗauki karɓar da aka yi wa Magaji a matsayin shelar gaba, ya shirya runduna ba tare da ya sanar da Ofishin Mulkin Mallaka na Landan da wuri ba, abin da bai yi wa ofishin daɗi ba. Masana irin su Muffett (1964) da Adeleye (1971) sun yi nazarin hujjojin da Lugga ya kafa, kuma abin da ake fahimta daga ayyukansu shi ne cin Kano da Sakkwato yana cikin shirinsa tun kafin a taɓa Moloney. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji sama da 700. Ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, wata 4 daidai bayan kisan Keffi, a lokacin da Sarki Alu yake kan tafiyar Sakkwato. Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, kuma a ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Magajin Keffi yana cikin waɗanda suka kwanta dama tare da shi.

Sarkin Gumel Ahmadu ya ga abin da ya sami Damagaram ta arewa, ya ga abin da ya sami Kano ta kudu, ga Borno babu. Gemun maƙwabta biyu ya kama wuta, saboda haka ya miƙa wuya ga Ingilishi a 1903 ba tare da yaƙi ba, aka sa Gumel cikin Lardin Kano. Maƙwabciyarta Haɗeja ta yi turjiya daga baya, aka ci ta da yaƙi a watan Afrilu 1906, aka kashe Sarki Muhammadu a cikin birninsa.

3.4 Yanka Iyaka da Yarjejeniyar 1904

Layin 1898 bai yi wa Faransa daɗi ba, domin ya tilasta wa ayarinta bin hanyar da ba ta da rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. A ranar 8 ga Afrilu 1904 ƙasashen biyu suka ƙulla babbar yarjejeniyar fahimtar juna wadda ta warware saɓaninsu a wurare da yawa. Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar wa Faransa Maroko. Faransa ta bar wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a tsibirin Newfoundland, ita kuma Ingila ta yarda a matsa da iyakar Arewa zuwa kudu domin Faransawa su sami hanya mai ruwa. An ƙara daidaita layin a 1906, sannan hukumar Tilho da O'Shee ta bi shi tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908.

Sakamakon haka shi ne garin Gumel ya tsaya a ɓangaren Ingila, Tumbi tsohuwar mazaunin sarakunansa ta faɗa ɓangaren Faransa, Maigatari kuwa ta zama garin bakin iyaka. Dangi ɗaya suka koma biyan haraji ga gwamnatoci biyu. Wannan yarjejeniya ta 1904 tana da muhimmanci ga abin da zai zo, domin ita ce tushen abotar da ta sa Ingila ta tsaya tare da Faransa bayan shekara 10. Watau takardar da ta raba Gumel da Tumbi tana cikin takardun da suka shimfiɗa sahun yaƙin 1914.

3.5 Kishin Ƙasa na Sabiyawa da Kisan Sarayebo

3.5.1 Asalin Kishin

Sabiyawa al'umma ce ta Kiristoci 'yan ɗarikar Otodoks a yankin Balkan, kudu maso gabashin Turai. Sun shafe ƙarnoni a ƙarƙashin Turkawan daular Usmaniyya. Tarihinsu na baka ya ginu ne a kan yaƙin Kosobo na 1389, inda aka kashe shugabansu Lazar, aka kuma kashe Sarkin Turkawa Murad na Ɗaya. Sun mayar da ranar yaƙin, wadda take faɗawa 28 ga Yuni, ranar juyayi da alwashi. Sun fara tawaye a 1804, shekarar da aka fara jihadi a ƙasar Hausa, kuma manyan ƙasashe suka amince da 'yancin Sabiya a taron Barlin na 1878.

Matsalar ita ce Sabiyawa da yawa sun rage a wajen sabuwar ƙasar. Taron na Barlin ya danƙa riƙon Bosniya ga Ostiriya-Hangari, alhali Sabiyawa ne rukuni mafi yawa a can, ko da yake ba su kai rabi ba, Musulmi kuma sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Tun 1844 wani ɗan siyasa mai suna Garashanin ya rubuta shirin tattara dukkan Sabiyawa a ƙasa ɗaya. Wannan buri ba zai cika ba sai an yanki wani ɓangare na Ostiriya-Hangari, daula mai ƙabilu fiye da 10, wadda take ganin cewa in ƙabila ɗaya ta ɓalle sauran za su bi.

A 1903, shekarar da Kano ta faɗi, wasu hafsoshin Sabiya suka kutsa fada suka kashe sarkinsu Alexander da matarsa Draga. Gidan sarautar da ya hau bayansa ya juya wa Ostiriya baya ya fuskanci Rasha. A 1908 Ostiriya ta haɗe Bosniya gaba ɗaya cikin daularta. Sabiya ta fusata, Rasha kuma ta ja da baya ala tilas saboda ba ta farfaɗo daga kayen da Japan ta yi mata a 1905 ba. A 1911 aka kafa ƙungiyar asiri mai taken Haɗin Kai ko Mutuwa, wadda aka fi sani da Baƙin Hannu. Jagoranta shi ne Kanar Dimitrijevic, mai laƙabin Apis, ɗaya daga cikin makasan 1903, wanda ya zama shugaban leƙen asirin soja. Yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 suka kusa ninka faɗin Sabiya, abin da ya ƙara wa masu kishin ƙwarin gwiwa, ya kuma ƙara wa Biyana, babban birnin Ostiriya, fargaba.

3.5.2 Ranar 28 ga Yuni 1914

Yarima Franz Ferdinand ya kai ziyara Sarayebo, babban birnin Bosniya, a daidai ranar tunawa da Kosobo. Matasa 'yan ƙungiyar Samarin Bosniya sun jeru a kan hanyarsa da ƙananan bindigogi 4 da bama-bamai 6 waɗanda aka samo a Belgared, babban birnin Sabiya, aka tsallako da su iyaka da taimakon mutanen Baƙin Hannu. Ɗaya daga cikin matasan Musulmi ne, Muhammad Mehmedbasic, abin da ke nuna cewa ƙiyayya ga mulkin Ostiriya ba ta tsaya ga mabiya addini ɗaya ba. Bam ɗin farko ya kuskure motar yarima ya raunata na bayansa. Daga baya direba ya yi kuskuren kwana, ya tsaya don ya koma da baya, a daidai inda Gavrilo Princip, ɗan shekara 19, yake tsaye. Ya yi harbi biyu, yarima da matarsa Sophie suka mutu.

Abin lura shi ne mamacin yana cikin masu adawa da a yaƙi Sabiya. Shugaban hafsoshin Ostiriya, Conrad, ya sha neman izinin wannan yaƙi a shekarun baya, yarima yana cikin masu taka masa birki. Harsashin Princip ya kawar da mai hanawa, ya kuma ba mai nema hujja.

3.5.3 Yadda Wutar ta Bazu

A ranakun 5 da 6 ga Yuli Jamus ta ba Ostiriya tabbacin goyon baya a kan duk matakin da ta ɗauka. Ranar 23 ga Yuli Ostiriya ta miƙa wa Sabiya sharuɗɗa 10 da wa'adin sa'a 48. Sabiya ta karɓi mafi yawansu, amma ta ƙi yarda jami'an Ostiriya su shiga binciken shari'a a cikin ƙasarta. Ranar 28 ga Yuli Ostiriya ta shelanta yaƙi.

Da a ce Sabiya ita kaɗai ce, da abin ya tsaya a Balkan. Amma Turai ta riga ta rabu gida biyu. Jamus da Ostiriya suna da ƙawance tun 1879. Faransa da Rasha suna da nasu tun 1894, Ingila kuma ta daidaita da Faransa a 1904, da Rasha a 1907. Rasha ta ƙudura ba za ta sake ja da baya irin na 1908 ba, ta ba da umurnin tara dukkan sojojinta ranar 30 ga Yuli. Tsarin yaƙin Jamus kuwa ya ginu ne a kan ta murƙushe Faransa da sauri ta hanyar Beljiyam kafin Rasha ta gama shiri. Don haka Jamus ta shelanta yaƙi a kan Rasha ranar 1 ga Agusta, a kan Faransa ranar 3, ta shiga Beljiyam ranar 4. A wannan rana Ingila ta shiga, bisa hujjar alkawarin 1839 na kare tsaka-tsakancin Beljiyam. Shigar Ingila da Faransa ta jawo dukkan ƙasashen da suke mallaka.

Masana sun saɓa a kan wanda ya fi ɗaukar alhaki. Fischer (1961) ya ɗora mafi nauyin laifin a kan shugabannin Jamus, Clark (2012) kuwa ya raba shi tsakanin manyan ƙasashen, ya kuma ba rawar da Sabiya ta taka muhimmanci. Duk da wannan saɓani, babu wanda ya ce harbin shi kaɗai ya isa.

3.6 Isowar Yaƙin Arewacin Nijeriya da Bakin Iyaka

Yaƙin ya tarar da Nijeriya tana da wata 7 da haɗewa, kuma ya tarar da ƙasashen Kano da Damagaram a cikin yunwar Kakalaba wadda ta biyo bayan farin 1913. Maƙwabciyar Nijeriya ta gabas, Kamaru, mallakar Jamus ce. Tun a watan Agusta 1914 aka tura Rundunar Nijeriya, wadda Hausawa suke da yawa a cikinta, daga Maiduguri zuwa Mora, daga Yola zuwa Garwa. Harin farko a Garwa ya ci tura, har aka kashe kwamandan, Maclear. Garwa ba ta faɗi ba sai a watan Yuni 1915, Mora kuwa ta riƙe har 18 ga Fabrairu 1916. Bayan nan aka kwashi sojojin Nijeriya ta teku zuwa Afirka ta Gabas, inda suka yi asara mai yawa a Mahiwa a watan Oktoba 1917. Baitulmalin sarakunan Arewa ya ba da gudummawar kuɗi, aka kuma ɗibi 'yan dako masu yawa. Cinikin gyaɗa, wanda ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, ya gamu da cikas saboda rufewar kasuwar Jamus da ƙarancin jiragen ruwa. A tsakiyar wannan hali, a 1915, Muhammadu na Kota ya gaji Sarki Ahmadu a Gumel.

Shigar daular Usmaniyya yaƙin a ɓangaren Jamus, da kiran jihadi da aka yi daga Istanbul a watan Nuwamba 1914, sun sa Turawa zargi a kan talakawansu Musulmi. Sarakunan Arewa sun tsaya tare da Ingila, amma a hamada abin ya sha bamban. A watan Disamba 1916 Kawusan, wani jagoran Abzinawa mai alaƙa da 'yan Sanusiyya, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Faransawa suka nemi agaji, Ingilishi suka tura soja daga Kano da Sakkwato suka tsallaka iyaka. An karya ƙawanyar ranar 3 ga Maris 1917, aka bi da ramuwa mai tsanani wadda ta haɗa da kashe malamai a Agadas. Wannan ya durƙusar da fataucin raƙuma tsakanin Abzin da ƙasar Hausa, ya kuma koro jama'a da yawa zuwa kudu. Haka nan tsananin haraji da aikin tilas da ɗibar soja a ɓangaren Faransa sun sa mutane suna ƙetarowa ɓangaren Ingila, kuma ƙasashen bakin iyaka irin su Gumel da Daura da Katsina su ne mashigar farko.

Ta haka iyakar da aka yanka don a raba Turawa biyu masu hamayya ta koma iyaka tsakanin abokan yaƙi. An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, bayan mutuwar sojoji kimanin miliyan 9 zuwa 10, a daidai lokacin da annobar mura take bin hanyar jirgi zuwa Arewa. Princip bai ga ƙarshen yaƙin ba, domin tarin fuka ya kashe shi a kurkuku a watan Afrilu 1918. Apis kuwa gwamnatin Sabiya da kanta ta harbe shi a 1917. Ƙasar da masu kishin suka yi mafarki an kafa ta a watan Disamba 1918, aka sa mata suna Yugoslabiya a 1929, ta wargaje cikin jini a shekarun 1990.

3.7 Kwatanta Kashe-kashen Uku

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa huɗu.

Na farko, a dukkan wuraren uku masu kisan suna ganin kansu a matsayin masu kare ƙasa daga baƙon da ya fi su ƙarfi. Sai dai akwai bambanci. Sarkin Damagaram da Magajin Keffi masu mulki ne da ke kare ikon da ke hannunsu, Princip kuwa talaka ne ɗan makaranta mai neman ƙasar da ba a kafa ba tukuna.

Na biyu, a kowane wuri shirin yaƙi ya riga kisan. Faransa ta riga ta nufi Chadi, Lugga ya riga ya nufi Kano, Conrad ya riga ya nufi Belgared. Tazarar da ke tsakanin kisa da ramuwa ta danganta ne da shirin mai ramuwar: kusan wata 15 a Damagaram, wata 4 a Kano, wata 1 a Sabiya.

Na uku, hukuncin ya wuce kan mai laifi. Ba Kanawa ne suka kashe Moloney ba, ba kuma mutanen Beljiyam ne suka kashe yarima ba.

Na huɗu, wanda shi ne mafi muhimmanci, shi ne batun majiɓinci. Damagaram da Kano ba su da wata babbar ƙasa a bayansu, ba su ma jituwa da junansu, Turawan biyu kuma sun riga sun sasanta a kan rabon. Don haka yaƙinsu ya ƙare a inda ya fara. Sabiya tana da Rasha, Rasha tana da Faransa, Faransa tana da Ingila, Ingila kuma tana da Nijeriya. Ta wannan sarƙa ce harbin Sarayebo ya iso bakin Maigatari.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin kashe-kashen siyasa uku da suka auku cikin shekara 16, daga 1898 zuwa 1914. An ga yadda na Damagaram ya kawo Faransawa arewacin Gumel, na Keffi ya kawo Ingilishi kudancinta, yarjejeniyar 1904 ta tsaga ƙasarta, na Sarayebo kuma ya jefa masu mulkinta cikin yaƙin da talakawan Arewa suka biya da kuɗi da dako da rai. An kuma nuna cewa kisa yakan ba da hujja ne kawai, girman yaƙin da zai biyo baya kuwa yana rataye ne a kan shirin da aka riga aka yi da alkawuran da aka riga aka ƙulla. Babi na gaba zai duba yadda wannan iyaka ta sauya harkar kasuwanci da zumunci tsakanin Maigatari da garuruwan Dungas da Magarya bayan an gama yaƙin.